Littafin awon Kawu da tsohuwar kwamfutata

Asabar, 4 ga Janairu 2025 (4 ga Rajab 1446)

Wani dattijo ne ya jawo wannan aikin. Shekaranjiya bayan la'asar na biya shagon ɗinkin Kawu a Hindawiyya, nan Jidda, in karɓi jallabiyata, sai na tarar an tsayar da keke biyu ana farautar awon mutumin. Ya ce bara aka auna shi, kuma ba ya da ƙafar tsayawa a sake zagaya shi da tef. Littattafan awo goma sha ɗaya ne jibge a kan kanta, irin masu baƙin bango. Sai da aka share minti arba'in kafin a same shi a na tara, shafinsa ya manne da na bayansa saboda shayin da ya taɓa zubewa.

Na ce, "Kawu, zan yi maka manhajar da za ta riƙe duk wannan."

Bai ko ɗago daga teburin yanka ba ya ce, "Haka ka ce bara."

Gaskiyarsa. Shi ya sa a wannan karon nake rubuta komai da kwanan wata, don kunya ta hana ni gudu.

Sharuɗɗansa uku ne. A gama kafin azumi, kada a ɗora masa kuɗin wata-wata, kuma ko intanet ta ɗauke aiki ya ci gaba. Na ciro tsohuwar kwamfutar cinyata daga ƙarƙashin gado. Windows 10 ke kanta, wanda Microsoft za ta daina kula da shi ranar 14 ga Oktoban bana, ga shi ba ta da ƙarfin ɗaukar na 11. Na goge ta tas na zuba Debian 12 a madadin Windows. Python da Flask don rubuta manhajar, SQLite don riƙe rumbun bayanai, shi ke nan. A wurin aikina saba-saba, wato manyan kwamfutocin ofis, nake lura da su daga Lahadi zuwa Alhamis, har hannuna ya fara ƙaiƙayin in jera kwantena, irin tsarin da ake ɗora wa manyan saba, da sauran tarkace. Na tuna keke huɗu ne a shagon.

Juma'a, 10 ga Janairu

Na kwaso littattafai uku zuwa gida, na kwana a kansu.

Da farko na ɗauka abin mai sauƙi ne: tsawo, kafaɗa, hannu, ƙirji, wuya, faɗin ƙasa, duk da inci, da rabi da kwata. Na yanka wa kowanne gurbinsa a rumbun bayanai. Amma kusan rabin abin da ke shafukan ba lamba ba ne. Kawu da ajami yake rubutu, kamar yadda mahaifinsa ya koya masa, wanda ya baro ƙasar Kano a ƙafa ya ratsa Sudan kafin ya ƙetaro teku. A gefen awon wani an rubuta "kafaɗar dama ta sauka". Na wani, "ba ya son a faɗa masa ya yi ƙiba". Akwai ɗan da'ira da yake zanawa a kan lambar ƙirji, da wata ƙugiya a kan tsawo. Babu wanda ya san ma'anarsu sai shi da babban telansa, mutumin Damagaram da suka yi shekara ashirin tare.

Na tambaya. Da'ira tumbi ce, wato a saki gaba, a bar baya yadda yake. Ƙugiya kuwa yaro ne mai tasowa, a bar masa inci biyu a naɗe cikin kalmasar ƙasa, baɗi a warware.

Na ƙara wani babban gurbi na sa masa suna "bayanin gefe". A raina na ɗauke shi kwandon tarkace.

Asabar, 18 ga Janairu

Ƙanena ya fara shigar da tsofaffin awo, ina biyan shi da shawarma. Kafin azahar ya kira ni, wai manhaja ta ƙi karɓar mutum.

Laifina ne. Na tsara cewa lambar jawwal, wato wayar salula, ita ce shaidar kowa, ba za ta maimaitu ba. To ga magidanci da 'ya'ya maza biyar da ƙanensa da ya zo Umara, duk a lamba ɗaya. Shagon ɗinki gida yake yi wa aiki. Na rushe teburin na raba shi uku: gida, mutum, awo. Awon ma yanzu ba ya goge na baya, kowanne yana zama da ranar da aka ɗauke shi, don yaron da aka auna a Sha'aban ɗin bara ba shi ne na bana ba.

Sai kuma lambobin kansu. Wayar ƙanena da lambobin Larabci take rubutu, ٠٥, tawa kuma 05. A ido ɗaya ne, a wurin kwamfuta ko dangi ba su haɗa ba. Wani kuma ya ba da lambarsa da 966 a gaba. Yanzu duk yadda aka shigar, ina mayar da ita lamba goma mai farawa da 05 kafin ta kwanta a rumbu.

Talata, 21 ga Janairu

Ina ofis aka kira wai komai ya mutu. Yaron guga ne ya rufe murfin kwamfutar saboda ƙura, ita kuma ta yi barcinta. Layi ɗaya a fayil ɗin saiti mai suna logind.conf ya hana ta barci. Na kuma mayar da ita saman kabad, nesa da soket ɗin dutsen guga, kafin a zare ta wata rana.

Juma'a, 31 ga Janairu (1 ga Sha'aban)

Mako biyu firinta ta ci min.

Irin ƙaramar nan ce ta rasit, mai takarda milimita 80, wadda ba ta shan tawada, zafi take ɗora wa takarda. In ka aika mata haruffan Turanci, lafiya lau. In ka aika Larabci sai ta fito da shi a wargaje, kowane harafi ya juya wa ɗan'uwansa baya, kuma daga hagu. In ka aika ƙ ko ɗ ko ɓ sai ta buga alamar tambaya, kamar tana neman ka maimaita. Na yi ta sauya mata jadawalin haruffa, ɗaya ya gyara Larabci ya ɓata boko, wani ya yi akasin haka, babu ko ɗaya da ya san da zaman ƙugiyoyinmu.

Daga ƙarshe na daina aika mata rubutu kwata-kwata. Ina zana takardar gaba ɗaya a matsayin hoto mai faɗin ɗigo 576, da manhajar zane Pillow da haruffan Noto, wata manhajar mai suna Raqm tana haɗa Larabcin yadda ya kamata, sai in miƙa mata hoton. Ta ɗan ƙara jinkiri, amma ba wanda ya lura.

Na kawo shawarar a riƙa liƙa guntuwar takardar a jikin yadi maimakon rubuta lamba da alli. Babban tela ya karɓa bai ce komai ba, ya ɗora ta a kan teburin guga ya dangwala mata dutse. Ta koma baƙa ƙirin kamar gindin tukunya. Alli ya ci gaba da aikinsa.

Neman suna ma sai da ya ba ni ciwon kai. SQLite ba ta san Ƙ da ƙ harafi ɗaya ne ba, haruffan Turanci kaɗai take yi wa wannan alfarmar. A Larabci kuma wani ya sa hamza a kan alif, wani ya manta. Na buɗe ɓoyayyen gurbi inda nake aske wa kowane suna ƙugiya da hamza da wasula, a can ake nema, a nuna na asalin. Abin da na kasa shi ne mutum ɗaya da ke Muhammadu a littafi na uku, Mamman a na bakwai, da Larabci a na goma. Wannan sai ƙwaƙwalwar Kawu.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Kwaɗayi ya ja ni ga fatura. Tun 4 ga Disambar 2021 hukumar zakka da haraji da kwastan, ZATCA, ta hana faturar hannu ga duk wanda ke da rajistar harajin kaya, don haka shagon na da wata manhajar da ake biya duk shekara saboda wannan kaɗai. Na ce me zai hana in haɗe su wuri guda, Kawu ya huta da biya?

Tambarin QR da ke ƙasan faturar ɗan kasuwa abu biyar ne a cikinsa: sunan mai sayarwa, lambar harajinsa mai lamba 15, rana da lokaci, jimillar kuɗi, sai harajin kashi 15 cikin ɗari. Kowanne ana jera shi da lambar gurbinsa, da tsawonsa, da shi kansa, sannan a mayar da duka rubutu guda da tsarin Base64. Cikin awa ɗaya na rubuta. Na gwada da sunan ƙarya da haruffan boko, waya ta karanta sumul. Na sa ainihin sunan shagon, sai ta ce tambarin ba ingantacce ba ne.

Daga isha'i har ƙarfe ɗaya ina zargin firinta, ina zargin kyamara, har takarda na sauya. Ashe tsawon da ake nufi ba yawan haruffa ba ne, yawan bayit ne, wato ma'aunin wurin da harafi ke ci a kwamfuta. A tsarin UTF-8 harafin Turanci bayit ɗaya ne, na Larabci biyu. Sunan shagon haruffa 15 ne da tazara biyu. Ni na rubuta 17, alhali 32 ne. Sai mai karatu ya tsaya a tsakiyar sunan ya ɗauki ragowar a matsayin gurbi na gaba. Ɗan hakin da ka raina. Gyaran bai kai kalma biyu ba.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Na cire duk aikin fatura. Yana aiki, na kuma cire.

Jiya na zauna na karanta mataki na biyu na tsarin, wanda ya soma 1 ga Janairun 2023 da manyan kamfanoni, ake kuma kiran sauran rukuni-rukuni gwargwadon cinikinsu, da sanarwar aƙalla wata shida. A can ba tambari kaɗai ba ne. Kowace fatura sai ta zama fayil ɗin XML mai hatimin sirri, a sarƙe da wadda ta gabace ta, a kuma kai rahotonta cikin awa 24. Ba a kira shagon Kawu ba tukuna, amma layi na matsowa. Ranar da wani abu ya karkace, tara a kan Kawu za ta faɗa, ni kuwa ina ofis ina gyara wa wani imel. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Manhajata ta tsaya a awo, da kafin alƙalami, da ciko, da ranar karɓa.

Na ɗan ji zafin daren da na ɓata. Na ajiye aikin a wani reshe na Git, ma'ajiyar rubutun manhaja, inda na san ba zan sake leƙawa ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu (23 ga Sha'aban)

Yau Ranar Kafuwar Ƙasar Saudiyya, an wuni ana miƙa kayan gargajiyar yara da aka ɗinka makon jiya. Ni kuma na wuni da faɗuwar gaba.

Tun watan jiya na saita cron, manhajar da ke gudanar da aiki a kan lokaci, tana kwafe fayil ɗin rumbun zuwa falashi, 'yar ma'ajiyar USB, kowane dare. Kullum in leƙa in ga sabon kwafi da kwanan watansa, in ji daɗi. Yau na ce bari dai in buɗe ɗaya a kwamfutar gida. Awo na ƙarshe da ke ciki na ranar Lahadi ne. Aikin kwana shida, a mako mafi cunkoso tun da muka fara, babu shi.

Ba ɓacewa ya yi ba, Allah ya rufa asiri. Na kunna wa SQLite tsarin WAL, wanda ke tara sabon rubutu a wani fayil na gefe, sai ya kai shafi 1000, wajen megabayit huɗu, kafin ta juye shi cikin babban. Shago irin namu sai ya daɗe bai cika wannan ba. Ni kuma babban kaɗai nake kwafewa. Wato ina kulle rumbu kowane dare, hatsin yana waje a masussuka.

Abin da ya fi ba ni haushi, wannan shi ne karatun da nake yi wa sababbin yara a wurin aiki, cewa kwafin ko-ta-kwana da ba a taɓa buɗewa ba zato ne kawai. Wanzami ba ya son jarfa.

Yanzu umarnin SQLite mai suna VACUUM INTO ke fitar da kwafin, a bincika lafiyarsa, a ƙirga awon da ke ciki a gwada da na asali, in sun saɓa saƙo ya shigo wayata. Ɗaya na zama a falashi, ɗaya ya zo gidana a kulle da mabuɗin sirri. Ban jefa shi a ma'ajiyar kyauta ta intanet ba. Lambobin mutane ne da faɗin cikinsu, ga dokar kare bayanan mutum da ta soma aiki gadan-gadan tun Satumbar bara.

Ban faɗa wa Kawu ba. Shi dai har yau yana rubuta kowane awo a littafi na goma sha biyu kafin ya miƙa wa ƙanena ya shigar. Makon jiya na yi masa ƙorafin cewa aiki biyu ne. Yau na yi shiru.

Laraba, 5 ga Maris (5 ga Ramadan)

Ƙarfe biyu da minti huɗu na dare waya ta tashe ni. Shago cike, ana ta hayaniya a bayan muryar ƙanena.

Na saita kwamfutar ta riƙa sabunta kanta, in da buƙata ta sake tashi ƙarfe biyun dare, lokacin da babu kowa. Babu kowa a Sha'aban ke nan. A azumi Jidda juyewa take yi, shago ya buɗe bayan tarawihi, kasuwa ta ci har gab da sahur. Ƙarfe biyu shi ne tsakiyar rana. Ta sake tashi kuwa, amma manhajar ba ta biyo ta ba, don tun Janairu kunna ta kawai na yi da hannu, ban gaya wa systemd, mai kunna manhajoji in kwamfuta ta tashi, ta riƙa tayar da ita ba. Wata biyu kwamfutar ba ta taɓa mutuwa ba, shi ya sa asirin bai tonu ba. Daga kan gado na gyara, na mayar da sabuntawa ƙarfe tara na safe.

Akwai wani abin dariya. A Fabrairu na gano rahoton cinikin yini yana yankewa ƙarfe ukun dare, saboda na ajiye lokaci da agogon duniya na UTC, mu kuma muna gabansa da awa uku. Na gyara ya koma sha biyun dare, ina ta alfahari. Yanzu ga shi rahoton yana raba daren ciniki ɗaya gida biyu, kuɗin aljihun tebur ba sa haɗuwa da lissafi. Da na bar kuskuren da ya fi dacewa da azumi. Na tambayi Kawu yaushe yini ke ƙarewa a wurinsa. Ya ce, "In an kira asuba." Na sa ƙarfe biyar.

Juma'a, 14 ga Maris (14 ga Ramadan)

Abin da na fi taƙama da shi a manhajar shi ne lissafin ƙarfin shago. Ta san riga nawa keke huɗu ke gamawa a dare, ta san darare nawa suka rage kafin Salla, sai ta nuna gurbi nawa ya saura. Jiya ta nuna 31. Kawu ya ce a rufe karɓar ɗinki.

Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, akwai sauran wuri fa. Ga shi nan."

Ya sa tabarau ya duba. Ya ce, "Wannan abin naka azumi nawa yake yi?"

Na duba, talatin. Ya nuna min kalandar Ummul Ƙura da ke rataye bayan ƙofa. Ashirin da tara, Salla Lahadi 30 ga Maris.

Na bi diddigi. A wurin nuna kwanan Hijira na kwafo misali daga intanet mai amfani da islamic-civil, kalandar lissafi zalla, wadda ke ba wata ɗaya 30 na biye 29, Ramadan kuma kullum 30. Ta ƙasar nan ita ce islamic-umalqura. Rajab da Sha'aban da farkon azumi duk sun faɗo rana ɗaya a kalandun biyu, sai a Shawwal suka rabu. Na sauya. Gurabe suka sauko 17.

Na ce to ga 17. Ya cire tabarau ya ce, "Kai yaro, ko kalanda ta ce talatin, tela da ashirin da tara yake lissafi. Waɗannan sha bakwai ɗin kuma suna da masu su, ba su dai zo ba tukuna."

Na nemi sunayensu in shigar. Ya ce bai san su ba.

Asabar, 29 ga Maris (29 ga Ramadan), bayan isha'i

An ga wata. Gobe Salla.

Ina rubuta wannan a kan buhun ƙyallaye, don babu kujera. Sha bakwai ɗin sun zo, ɗaya bayan ɗaya, a goman ƙarshe. Wata bazawara daga layin baya da yara uku da yadi a leda. Ladanin masallacin unguwa. Wani da kamfani ya riƙe wa albashi sai 25 ga wata. Riguna biyu da wuyansu ya fito ba daidai ba aka sake. Keke ɗaya ya tsaya dare guda cur sai da aka nemo mai gyara daga Bab Makka. Da na cika guraben nan ranar sha huɗu, da yanzu akwai masu zagin mu a ƙofa.

Na bazawarar ban ga kuɗinsa a rahoto ba. Na leƙa bayanin gefe, ƙanena ya rubuta abin da Kawu ya ce ya rubuta: "an biya". Manhajar tana ta nuna jan layi wai akwai ciko riyal 210. Na rasa yadda zan kashe layin ba tare da na ƙirƙiri wani gurbi mai suna da zai kunyata wani ba. Na share adadin da hannu.

Saura riga tara a rataye. Yaron guga na kiran lambobi daga allon, ana miƙawa. Dattijon watan Janairu ma ya aiko jikansa. Daƙiƙa uku aka nemo shi.

Asabar, 5 ga Afrilu (7 ga Shawwal)

Shago a rufe har gobe. Na shigo ni kaɗai da mabuɗin ƙanena, na buɗe bayan kwamfutar na busa. Zare da burbushin yadi sun yi wa fankarta tabarma. Batirin ya ɗan kumbura, dole a cire shi kafin zafin bazara.

Na ƙirga: cikin awo 1,140 da aka shigar zuwa yanzu, 700 da ɗoriya suna da rubutu a bayanin gefe. Na ɗaga gurbin daga ƙasan shafi na kai shi sama, a kan lambobin, da manyan haruffa. Da'ira da ƙugiya sun samu maɓallansu. Lissafin ƙarfin shago kuma yanzu yana ɓoye darare biyu da kansa, ba ya nuna wa kowa.

Littattafai bakwai ne ba a shigar ba. Na ɗaya da na biyu duk ajamin kakanmu ne, tawadar ta koɗe, ƙanena ba ya iya karantawa, ni ma da ƙyar. Kawu ya ce yawancin mutanen ciki sun rasu, amma kada a bar su. Ya ce in zo ranar Juma'a bayan la'asar, shi ya karanta ni in buga, kuma in taho da tabarau ɗinsa da ya manta a motata.